Gwangwanayen da na ba Nomau

Wana Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya cuce ni. Shekara huɗu ina kai mishi ajiya, yana karɓa da hannu biyu, yana ce mini ya sa ta cikin rihewa, wato rumbun gidanmu, alhali ya san inda yake kai ta. Na san abin da ake gaya muku in kun je ƙauye gaisuwa, wai ubanku ya yanke zumunci a kan leda. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ku karanta, in kun gama ku kira ni abin da kunka ga dama.

Ni karatuna bai yi nisa ba, aji huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, na gudu. Hoto na koya wurin wani Bayarabe a Madawa, da ya koma garinsu na gaji shagon, wani ɗakin ƙasa kusa da tasha. Biki shi ne abincina. Ina hawa moto, wato babur, in tafi Urno, in tafi Buza, wani lokaci har Garhanga da Keita, in dawo da ƙura har cikin kunne. Ku da kunka tashi da hoto cikin salula ba za ku gane ba sai na yi muku bayani. A lokacin felikil ake sa wa aparai, wato kyamara; felikil ɗin wata doguwar leda ce a naɗe mai cin hoto talatin da shida. In ta cika ba ka ganin komai, sai an kai ta labo an wanke, kuma labon hoto mai kala babu shi a Madawa, sai Maraɗi ko Ƙonni. In an wanke sai a ba ka hotunan, a haɗa maka da ledar nan, ta koma ruwan ƙasa, mutanen ciki fuska baƙa ta yi fari, farar riga ta yi baƙi. Ita muke ce wa kilishe. Muddin tana hannunka, ko bayan shekara ashirin ana iya fitar da hoton sabo. In ta tafi, to ta tafi da mutanen da ke ciki.

Na koyi wannan da zafi. Wani biki na ɗauka a Urno, na ba direba felikil ya kai Maraɗi, ya jefa shi gaban mota, rana ta dafa shi kwana biyu. Ko fuska ɗaya ba ta fito ba. Uban amarya ya tare ni ranar kasuwa, gaban mahauta.

"Illa mai hoto," ya ce, "to yanzu mi kaka so? In sake tara mutane in sake ɗaura auren?"

Mutane sunka yi dariya. Daga ranar na ɗaura wa kaina doka, komai nawa biyu zan yi. Na sayi aparai na biyu. Duk inda ango da amarya sunka tsaya, in ɗauka da na dama, in sake ɗauka da na hagu. Ƴan biki har suna sunka sa mini, mai ido huɗu. Felikil guda ya tafi gabas, Maraɗi, guda ya tafi yamma, Ƙonni, ba direba ɗaya ba, ba kuma rana ɗaya ba. In sun dawo, kilishe na farko ya shiga akwatin ƙarfe cikin shago. Na biyu in naɗe shi da takarda, in rubuta sunan ango, in sa cikin gwangwanin madara tare da ƙullin gawayi saboda raɓa, in zana lamba a murfin da ƙusa, in rubuta lambar da sunayen cikin kaye, littafin lissafina. Ko shekarar da anka karya darajar kuɗinmu na sefa, felikil ya yi tsadar da abokan sana'a sunka koma ɗaukar rabin biki, ni ban bar biyun nan ba. Uwarku Rabi ta yi ta faɗa, tana cewa ina ciyar da gwangwani ina barin tukunya. Ban ji ba.

Abin da ya rage shi ne inda zan kai na biyun. Bai kamata ya kwana gari ɗaya da na farko ba, don abin da ya ci wannan zai ci wancan. Sai na tuna rihewar gidanmu a ƙauye, bayan Tama. Rumbun ƙasa ne babba, tun na kakanmu, an ɗora shi kan duwatsu, ruwa ba ya taɓa gindinshi, wuta ba ta cin shi, gara ba ta hawa. Gero yana shekara uku ciki lafiya. Na ce wurin da ya tsare iri zai tsare mini kilishe. Amma gidanmu akwai wata al'ada da ta rage tun zamanin da kakanninmu ba su fara salla ba. Maigida kaɗai ke hawa tsani ya leƙa cikin rihewa. Mace ba ta leƙawa, ƙane ba ya leƙawa muddin wanshi na da rai. Ubanmu ya rasu, Nomau ne maigida. Don haka ni iyakata gindin tsani.

Ranar da na kai na farko, ya jujjuya gwangwanin, ya kaɗa shi kusa da kunne.

"Mi na ciki?"

"Kilishe ne, Yaya. Ragowar aikin hoto. Ka sa mini can ƙasa inda sanyi."

"Masu hoton ba ka ba su abinsu ba?"

"Na ba su."

"To. Kawo in sa."

Kun ji abin da na ce mishi ke nan, ragowar aiki. Ban zauna na yi mishi bayani ba, don na san yadda yake kallon sana'ata. Shi ga ganinshi namijin da ba ya riƙe kalme ba ya aiki, yawo yake yi cikin matan biki. Bayan wata uku ko huɗu in kai wani gwangwanin, in tambaya, ya ce suna nan. Ko sau ɗaya ban ce ya fito mini da guda in buɗe in gani ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora ma kowa shi ba.

Cikin bazarar shekarar nan ta karyewar sefa na ɗauki bikin Bulus da Saratu. Kiristoci ne daga unguwar asibitin mishan da ke kan hanyar Ƙonni. Ina son bikinsu, don suna tsayawa a layi ba sai ka yi ta ihu ba, kuma sun san darajar hoto. Bulus shi ke gyaran injin wuta na asibitin. Dogo ne, baƙi, da wushirya, mutum ne da ba ya iya rufe baki don dariya. Ya sayi sabon takalmi ja, sau ciki, ya matse shi. Muna ƙofar majami'a ina cewa ya tsaya daidai, yana ta ɗaga ƙafa.

"Malam Illa, yi sauri don Allah. Auren ga daɗi, amma takalmin ga zai kashe ni kafin in kai gida."

Saratu ta sa hannu ta rufe baki, ya kamo hannun ya riƙe. Na ɗauka da dama, na ɗauka da hagu. Na yi musu albom, sunka karɓa. Kilishe na biyu ya shiga gwangwani mai lamba goma sha bakwai, na kai ƙauye kafin ruwan farko.

Damanar nan an yi ruwan da tsofaffi sunka ce sun daɗe ba su ga irinshi ba. Cikin watan Agusta aka kwana uku ana yi. Bangon bayan shagona ya jiƙe ya zauna, rufin ya biyo shi. Kwana biyu kafin mu tono akwatin ƙarfen, da na buɗe shi laka ce cike, kilishe duk sun manne da juna sun zama dunƙule guda mai wari. Aikin shekaru ya tafi. Amma wallahi ban yi kuka ba, har ina ba Rabi haƙuri, ina ce mata yau ga amfanin abin da take yi mini faɗa a kai. Hanyar Tama ta yanke, koramu sun cika, ga gini a gabana. Sai na ba wani mai jaki saƙo ya gaya ma Nomau shago ya faɗi, yanzu abin da ke hannunshi shi kaɗai ya rage mini, ya riƙe da kyau. Saƙo ya dawo, wai in kwantar da hankali, suna nan.

Wajen ƙarshen damana, ina zaune cikin rumfar da na kafa gaban kangon, sai ga Saratu. Da ƙyar na gane ta. Ta rame, ga ciki ya fito. Ta gaishe ni, ta zauna bakin benci. Sannan ta gaya mini abin da ya faru. Tsohuwar Bulus tana wani ƙauye bayan Keita, ƙafa ta hana ta zuwa biki, kullum tana aiko a kawo mata hoton amarya ta gani. Da ya samu hutu sai ya ɗauki albom ɗin gaba ɗaya ya shiga mota. Direba ya faɗa korama yana ganin zai wuce, ruwa ya juya motar. Bayan kwana biyu anka samu Bulus, kuma dattawa ba su bar ta ta ga fuskarshi ba. Albom ko bangonshi ba a gani ba. Katin ɗan ƙasa ma yana aljihunshi.

"Malam Illa, ba ni da hotonshi ko guda. An ce mini shagonka ya faɗi, na ce bari dai in zo. Ba don ni ba. Abin da ke cikin nan, in Ubangiji ya sauke ni lafiya, zai tambaye ni kamannin ubanshi."

Na jawo kaye na buɗe mata, na sa yatsa kan sunan.

"Madam, kin ga nan? Bulus da Saratu, goma sha bakwai. Mijinki yana nan cikin gwangwani a ƙauyenmu, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ki ba ni kwana goma. Har babba zan yi miki, na rataye a bango."

Ta kama hannuna da hannu biyu, abin da matar mutane ba ta yi. Ta ce Allah ne ya sa mini wannan dabara saboda ita. Ni kuma na ji daɗin kaina, ban ɓoye muku ba.

Washegari na hau moto. Na iske Nomau ƙofar gida yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa na ce ya hau ya ɗauko mini goma sha bakwai. Bai ɗago kai ba.

"Ba a buɗa rihewa yanzu. Sai sabon hatsi ya shigo."

"Yaya, wace doka ce wagga? Bara ka buɗe gabana cikin damana."

"Bara daban. Ni ina da gaisuwar mutuwa Tama, sai na komo."

Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Na shiga gida, matarshi Hajo ta kawo mini hura. Ta aje, ba ta tafi ba, tana ta murza bakin zane. Bayanta, kan dangar madafa, na hangi gwangwanin madara da gishiri ciki, murfin a gefe. Na tashi na ɗauki murfin. Lamba tara, zanen ƙusata.

"Hajo, ina abin da ke cikin wannan?"

"Illa, ni mace ce, ba ni da baki. Amma ka tahi hwadama ka duba dawa."

Tun daga nesa na ji ƙarar, wani kas-kas-kas cikin iska. Dawa ta yi kai, ta fara ja, lokacin da tsuntsayen jan baki ke sauka garke-garke. An kafa sanduna kewaye da gonar, an ja igiya daga wannan zuwa wancan, kuma jikin igiyar, taki ɗaya guda, taki ɗaya guda, ga kilishena nan suna lilo suna walƙiya. An yanka su tsawon tafin hannu, an huda da ƙaya, an zura. Na kama na kusa da ni na ɗaga ma rana. Wata amarya ce ta Garhanga, na gane ta da kwallayen da ke jere bayanta, rabin jikinta ya saɓule. Na kama na gaba, fari fat kamar ba a taɓa ɗaukar kowa ba, na shekarun baya ke nan. Ashe tun damana ta biyu ya buɗe gwangwani guda, ya ga abin yana ƙyalli yana ƙara, ya gwada, tsuntsaye sunka ji tsoro. Daga nan duk shekara sai ya ƙara sabo. Na bi igiyar nan daga kusurwa zuwa kusurwa, ina tsinkewa ina ɗagawa ina sa wa cikin buhu, tun hantsi har rana ta karkata. Ƙafata na nutsewa cikin laka, ganyen dawa na yanka mini wuya. A gefen gabas na samu guntu mai ƙofar majami'a da gicciyenta. Guntaye bakwai na samu na bikin. Ruwa ya jiƙa su, rana ta busar, iska ta yi ta buga su jikin kara, fatar hoton ta kwaile ta bar leda tsirara. Guda ɗaya ne ƙasanshi ya tsira, shi ma ƙayar ta bi ta inda kan Bulus yake.

Da na koma gida Nomau bai dawo ba. Hajo ta ce mini, murya ƙasa-ƙasa, gwangwanin nan na ƙarshe kwana ashirin ke nan da ya buɗe shi. Na lissafa. Saƙona ya riga ya iso mishi da kusan sati biyu.

Na kai guntun Maraɗi da kaina. Mai labo ya duba ya ce in bar ɓata takarda. Na ce ya fitar, guda biyu. Abin da ya fito, matakalar majami'a, gefen farar riga, baƙin wando, jan takalmi ƙafa ɗaya a ɗage, da hannu biyu riƙe da juna. Daga ƙirji zuwa sama wani farin tabo ne kamar an watsa koko.

Ban jira ta zo ba, ni na tafi unguwarsu. Na iske ta tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta gan ni ta miƙe tana goge hannu, tana murmushi, tana kiran maƙwabciyarta ta zo ta ga Bulus. Na gaya mata komai a tsaye, ban rage ba. Na miƙa mata hoton. Na so ta zage ni irin na uban amaryar Urno, da na samu sauƙi. Ta daɗe tana kallo, ta shafa wurin tabon da yatsa kamar zai goge.

"Takalmin nan ne," ta ce. "Bai sake sa shi ba, yana nan ƙarƙashin gado."

Ta shiga ɗaki da hoton, ba ta fito ba. Maƙwabciyar ce ta raka ni ƙofa. Bayan wata uku na ji ta haifi mace.

Na ci gaba da sana'a, kun gani da idonku. Har yau biyu nake yi, sai dai na biyun yana Buza, cikin akwatin da makullinshi ke wuyana, kuma duk wata ina zuwa in buɗe da hannuna in ɗaga ma haske. Rabi ta roƙe ni in bar maganar ƙauye, ta ce ɗan'uwa ne, ta ce jahilci ne ba mugunta ba. Na ce da jahilci ne da bai ce mini sai sabon hatsi ya shigo ba. Na san abin da zai biyo baya. Na san rabona na gona zai tafi, na san za ku tashi kuna cin geron awo, ba ku da ɗakin sauka a garin ubanku. Na auna duka, tun kafin Saratu ta haihu, na hau moto zuwa ƙauye.

Bayan la'asar na same shi, ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida, da dattawa huɗu kan tabarma, an gama girbi ana hira. Na yi sallama, ban zauna ba. Na juye buhun gabanshi. Ya kalli tarin, ya kalli dattawan, ya yi ƴar dariya.

"Ku ji mini yaron ga. Kan wanga abu zai zo shina huci? Kai da bakinka ka ce ragowa ce. Ka hidda hoto ka ba masu shi, abin da ya saura ƙaiƙayi na. Ƙaiƙayi kuwa ba a ba shi wuri cikin rihewa. Ko banza ya tsare muna dawa, kai ma kana ci."

Wani tsoho ya ce in yi haƙuri in zauna, a yi magana irin ta gida. Na ce a tsaye zan yi ta, ba ta da tsawo.

"Yaya, iri ne ka rataya, ba ƙaiƙayi ba. Ban gaya maka haka da fari ba, wannan nawa ne, na ɗauka. Amma da ka ce ba ka karɓa, da na kai wani wuri. Sau goma sha bakwai ina miƙo maka, sau goma sha bakwai kana ce mini ka sa. Na aiko maka shagona ya faɗi, ka ce suna nan, sannan ka hau ka ɗauko na ƙarshen ka huda. Dawarka ka ci kai kaɗai, rabona na gona ma na bar maka, ba ni sake shan ruwan gidan ga."

Na ciro hoto na biyu daga aljihu, na kama hannunshi na sa mishi a tafi.

"Ka san komai nawa biyu nake yi. Guda na wurin matarshi, wannan naka ne. Sunanshi Bulus, ruwa ya ci shi bayan Keita, matarshi na da ciki. Ka aje shi inda kake aje abin da ka ɗauka da daraja. Ranar da abin da ta haifa ya girma ya zo shagona yana tambayar fuskar ubanshi, zan kwatanta mishi hanyar gidan ga. Kai za ka gaya mishi inda ka kai ta."